Tafkin Nokoué da kifin Kwatano: abin da mai fatsa da mai saye ya kamata su sani

Daga unguwar Gbégamey ko Zangon Kwatano, tafiyar mintoci kaɗan ce a kan babur ɗin haya zuwa bakin ruwan da ya raba birnin gida biyu. Mazauna birnin suna kiransa lagune. Mashigi ne da ya haɗa Tafkin Nokoué da ke arewacin birnin da Tekun Atlantika da ke kudu. A gaɓarsa aka kafa kasuwar Dantokpa, kuma a kansa gadoji uku suke: tsohuwar gada, gadar Martin Luther King da gadar Konrad Adenauer.

Hausawan Zango sun fi shahara da fatauci, fawa, gasa nama da canjin kuɗi, ba da su ba. Amma suna cin kifin wannan ruwa, wasu suna sayar da shi ɗanye ko banda, wasu matasa kuma suna zuwa bakin mashigi da fatsa a ƙarshen mako don shaƙatawa. Duk kifin ya dogara da tafki guda marar zurfi wanda birane suka kewaye. Idan tafkin ya lalace, masunci zai rasa sana'a, mai fatsa zai koma gida hannu rabbana, mai cefane kuma zai ƙara dogara da kifin ƙanƙara da ake shigowa da shi daga waje.

Tafkin da mashiginsa

Nokoué shi ne tafki mafi girma a kudancin Jamhuriyar Benin. Tsawonsa ya kai kusan kilomita 20, faɗinsa kusan kilomita 11, kuma da rani yana mamaye murabba'in kilomita kusan 150. Lokacin ambaliya yakan ninka haka, ya malale fadamun da ke arewa da shi. Ba shi da zurfi: a yawancin wurare bai kai mita biyu ba. Kogin Ouémé, mai tsawon kusan kilomita 500 daga arewacin ƙasar, da kogin Sô su ne suke kawo masa ruwan daɗi. Ta gabas, mashigin Totchè ya haɗa shi da ruwan Porto-Novo, wanda ya zarce har Badagry da Legas a Najeriya. Saboda haka abin da aka zuba a ruwa a ƙasa ɗaya yana iya isa ɗaya ƙasar.

Mashigin Kwatano yana da tsawon kilomita huɗu da rabi. A shekarar 1885 Faransawa suka fasa yashin da ya raba tafkin da teku domin ruwan ambaliya ya samu hanyar fita. Bayan haka yashi yakan toshe bakin mashigin, ambaliya kuma ta sake buɗe shi. Gina tashar jiragen ruwa ta Kwatano, wadda aka buɗe a 1965, ya sauya tafiyar yashi a gaɓar teku, bakin mashigin ya zauna a buɗe, ruwan gishiri ya riƙa shiga tafkin fiye da da. Tare da shi aka samu yawaitar wata tsutsar teku mai huda itace, wadda ta riƙa cinye rassan da masunta suke kafawa a ruwa, kamu ya ragu. A ƙarshen shekarun 1970 aka gina shingen duwatsu kusa da bakin teku don daidaita shigar gishiri, amma bai warware matsalar yadda aka so ba.

A yau tafkin yana da fuska biyu a shekara. Daga Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da ruwan daminar arewa ya gangaro ta Ouémé, tafkin yakan koma ruwan daɗi kusan gaba ɗaya. Daga Disamba gishiri yakan fara shiga, ya ƙaru har zuwa Afrilu da Mayu. Wannan sauyi tsakanin ruwan daɗi da ruwan zartsi shi ne yake tsara wane kifi zai shigo, wane zai fita, da lokacin da kowanne yake hayayyafa.

Kifayen da ke ciki

Kifin da aka fi kamawa a Nokoué wata karfasa ce mai baƙin haɓa, wadda masana suke kira Sarotherodon melanotheron. Tana jure ruwan daɗi da na gishiri, kuma namijin ne yake ɗaukar ƙwai a bakinsa har su ƙyanƙyashe. Wanda ya kama namiji da ƙwai a baki, ya kashe ƴaƴan tare da uban. Sai kifin da ake kira ethmalose da Faransanci, wanda aka sani da bonga a Najeriya, mai yawo garke-garke, wanda ake yawan yin bandarsa. Akwai mâchoiron, ɗan uwan kurungu da ragon ruwa, da mulet, da ƙaguwa da jatan lande.

Da yawa daga cikin waɗannan a teku ake haifarsu. Ƙananan jatan lande da ƴaƴan mulet sukan bi ruwa su shiga tafkin ta mashigin Kwatano, su yi girma a inda abinci yake da yawa kuma manyan kifaye ba su da yawa, sannan su koma teku su hayayyafa. Tafkin gidan reno ne ga kifin teku, mashigin kuma ita ce ƙofarsa tilo ta wannan ɓangare. Duk tarun da aka datse mashigin da shi yana rage kifin tafki da na teku a lokaci guda.

A arewacin tafkin, a fadamun Ouémé da Sô, ana samun kifayen ruwan daɗi da duk Bahaushe ya sani: tarwaɗa, gaiwa, tufi, bali da kurungu. Idan ambaliya ta malale ciyayi, sai su shiga su yi ƙwai. Mazauna yankin suna haƙa dogayen ramuka da ake kira whédo, inda kifi yake maƙalewa idan ruwa ya janye, a kwashe shi da rani. Har ayu ma yana nan a ƙasan kogin Ouémé, ko da yake ya yi ƙaranci, kuma doka ta hana kashe shi.

Masunta da akaja

Masuntan tafkin na asali su ne Tofinu, waɗanda kakanninsu suka gudu cikin ruwa don tsere wa maharan bayi na masarautar Dahomey. Garinsu mafi shahara shi ne Ganvié, a ƙaramar hukumar Sô-Ava, inda gidaje suke bisa turaku, kasuwa kuma take ci a cikin kwale-kwale. Tun 1996 garin yake cikin jerin wuraren da Benin ta gabatar wa UNESCO don neman a sa su cikin kayan tarihi na duniya. A bakin teku kuma akwai masuntan Xwla, waɗanda unguwar Xwlacodji ta samu sunanta daga gare su, da masunta ƴan asalin Ghana da suka daɗe a gaɓar.

Dabarar da tafkin ya fi shahara da ita ita ce akaja, wadda ake rubutawa acadja. Masunci yakan kafa dubban rassan itace a cikin taɓon tafkin, ya mayar da wurin kamar gona. Gansakuka da ƙananan halittu sukan tsiro a jikin rassan, karfasa ta zo ta ci, ta ɓuya, ta hayayyafa. Bayan watanni ko shekara, sai a kewaye wurin da taru, a tsige rassan, a kwashe kifin. Wani masanin kifi Bature, Robin Welcomme, ya yi nazarin dabarar a Dahomey ya wallafa sakamakonsa a 1972, ya nuna cewa hekta ɗaya ta akaja tana ba da kifi ninkin-ba-ninkin abin da buɗaɗɗen ruwa yake bayarwa.

Matsalar ta taso ne da akaja ta yawaita. Rassan suna ruɓewa a ruwa, suna tara laka, tafkin yana ƙara cikewa. Ana sare itatuwa daga nesa don a kawo sababbin rassa kowace shekara. Masu hali sun killace manyan wurare, suka bar wa masu birgi da ƙananan taruna ɗan abin da ya rage, abin da ya sha jawo rigima tsakanin ƙauyuka. Hanyoyin jirage ma sun ƙuntata.

Abubuwan da ke cutar da ruwan

Na farko shi ne taru mai ƙananan idanu. Wanda ake kira médokpokonou ana kafa shi ne kamar mazurari, ya tattara duk abin da ya bi ta wurin, har kifin da bai kai yatsa ba. Wanda ake kira dogbo kuma ana kafa shi yana fuskantar igiyar ruwa, musamman a mashigai, inda ƴaƴan kifi da jatan lande suke wucewa. Kifin da aka kama kafin ya yi ƙwai ko sau ɗaya bai bar magaji ba.

Na biyu shi ne ƙazantar birni. A ƙidayar 2013 Kwatano tana da mutum kusan 679,000, Abomey-Calavi da ke yammacin tafkin kuma fiye da 650,000. Manyan magudanan ruwan sama na birnin suna zubewa a tafki da mashigi, suna ɗauke da leda, robobi, baƙin mai na gareji da ruwan masai. Abin da aka jefa a kwata a tsakiyar birni, ruwan saman watan Yuni yakan kai shi bakin ruwa. Idan datti ya ruɓe yana cinye iskar oksijin da kifi yake shaƙa. Ana kuma safarar fetur ɗin bumburutu daga Najeriya, wanda ake kira kpayo, a cikin jarkoki ta hanyar ruwa, kuma wani yana tsiyayewa.

Na uku wata ciyawa ce mai kama da kainuwa, mai shuɗin fure, ƴar asalin Kudancin Amurka, wadda ta bayyana a ruwayen Benin a ƙarshen shekarun 1970. Da Faransanci ana ce mata jacinthe d'eau, mutanen yankin kuma suna ce mata tôgblé, wato ƙasa ta lalace. Lokacin ruwan daɗi takan rufe fuskar ruwa, ta hana jirage wucewa. Idan gishiri ya shigo sai ta mutu, ta nutse, ta ruɓe a ƙasa. A farkon shekarun 1990 cibiyar binciken noma ta IITA ta saki wasu ƙwari masu cin ta, wani kamfani mai suna Green Keeper Africa kuma yana sayen busasshiyarta yana yin abin tsotse man da ya zube.

Na huɗu shi ne sare itatuwan bakin ruwan zartsi masu saiwa a waje, waɗanda ake kira palétuviers. A cikin saiwoyinsu ƙananan kifaye, ƙaguwa da kawa suke fakewa. An sare da yawa don girki, bandar kifi da dafa gishiri a yankin Ouidah.

Illar ta taɓa aljihu. A 2003 aka dakatar da fitar da jatan landen Benin zuwa Tarayyar Turai saboda rashin cika sharuɗɗan tsabta. An sake buɗe ƙofar a 2005, amma cinikin bai koma yadda yake ba, masunta da matan da ke saye a hannunsu suka yi asara. A yau kifin da ake kamawa a ƙasar bai isa ciyar da ita ba, shi ya sa shagunan kifin ƙanƙara suka cika kowace unguwa.

Doka da hukumomi

Babbar dokar da ke tsara su da kiwon kifi a Benin ita ce mai lamba 2014-19 ta ranar 7 ga Agusta 2014. Ta haramta kamun kifi da guba ko nakiya, ta haramta médokpokonou da dogbo da shingayen da ke datse ruwa, ta kuma sa akaja cikin abubuwan da aka hana. A shekarun baya-bayan nan hukumomi sun yi aikin tsige haramtattun kayan su a Nokoué da Tafkin Ahémé. Aikin yana da wuya, domin iyalai da yawa ba su da wata hanyar abinci, kuma wanda aka tsige wa akaja ba tare da wata sana'a ba yakan sake kafa ta. Dokar mai lamba 2017-39 ta Disamba 2017 kuma ta hana kerawa, shigowa da amfani da ledar da ba ta ruɓewa.

Sashen da ke kula da harkar kifi shi ne Direction de la Production Halieutique, a ƙarƙashin ma'aikatar noma, kiwo da su. Cibiyar IRHOB da Jami'ar Abomey-Calavi suna bincike kan ruwan da kifayensa. Kamfanin gwamnati na SGDS shi ne yake kwashe shara a manyan biranen da ke kewaye da tafkin.

A matakin duniya, tun Janairu 2000 Tafkin Nokoué, ruwan Porto-Novo da ƙasan kwarin Ouémé suke cikin jerin dausayi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a Iran a 1971. A 2020 UNESCO ta amince da ƙasan kwarin Ouémé a matsayin yankin kare halittu. A 2022 gwamnati ta keɓe yankuna biyu na teku don kariya: Donaten a gabashin Kwatano, inda kunkurun teku suke fitowa yin ƙwai, da Bouche du Roy kusa da Grand-Popo. Benin tana kuma cikin kwamitin kula da kifi na ƙasashe shida na gaɓar Guinea, tare da Najeriya, Togo, Ghana, Côte d'Ivoire da Laberiya, mai hedikwata a Tema. Har zuwa 2024 Ghana ta riƙa rufe teku ga ƙananan masunta a watan Yuli don kifi ya hayayyafa, maƙwabtanta ma sun fara bin wannan hanya.

Kamun kifi don nishaɗi

Masu kamun kifi don shaƙatawa ba su da yawa a Kwatano idan aka kwatanta da masu yi don ci da sayarwa. Ana ganinsu da fatsa a gaɓar mashigi, kusa da gadoji, a kan duwatsun da aka jera don tare zaizayar teku, da kuma bakin tekun Fidjrossè a kan hanyar da ake kira Route des Pêches. Masu hali kuma sukan fita teku da jirgi mai inji suna neman manyan kifaye irin su barracuda da carangue. Doka ta bambanta wannan kamu da na sana'a, don haka wanda zai fita da jirgi ya fara tambayar sashen kula da kifi game da izini. Harabar tashar jiragen ruwa wuri ne da ba a shiga sai da izini.

Mai fatsa ɗaya ba ya ƙarar da tafki, amma akwai ka'idojin da masu wannan sha'awa suke bi a ko'ina. Ana mayar da ƙaramin kifi da mai ƙwai cikin ruwa. Kafin a taɓa kifin da za a saki, ana jiƙa hannu, domin busasshen hannu yana goge yauƙin da ke kare fatarsa daga cuta. Ana cire ƙugiya da sauri, ba a riƙe kifi ta matsarmama ko ta ido, ba a kuma barinsa a kan yashi mai zafi. Idan ƙugiyar ta shige ciki sosai, yanke zaren ya fi fizgo ta. Matse ɗan haƙorin ƙugiya da filaya yana sauƙaƙa cire ta. Zaren roba da ya tsinke a tafi da shi gida, domin yakan shekara da shekaru a ruwa yana shaƙe tsuntsaye da kunkuru. Ba a taɓa akaja ko tarun wani, ba a kuma jefa fatsa a hanyar jirage.

Akwai batun lafiya da tsaro. Kifin da aka kama a bakin magudanar datti ba abin ci ba ne. Tekun Kwatano yana da igiya mai ƙarfi da ke jan mutum ciki, duwatsun gaɓa suna da santsi, kuma lokacin ambaliya ruwan mashigi yana gudu da ƙarfi. Yara kada su je su kaɗai.

Hutun ruwa a al'ada

Hana su na wani lokaci ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. A ƙasar Kabi, Sarkin Ruwa da Homa su ne suke ba da izinin shiga ruwa. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, ya ginu ne a kan wannan: ana hana su a Matan Fada har ranar gasa, sannan dubban masunta su faɗa ruwa da koma da gora. Giwan ruwan da ake nunawa ranar gasa ta girma ne saboda an bar ta. Masuntan kogin Kwara a Malanville, Karimama da Gaya ma sun san gurbin da ba a shiga sai sarkin ruwa ya buɗe.

Mutanen kudancin Benin suna da nasu tsarin a addininsu na gargajiya: ranakun da ba a su, da wuraren da aka keɓe a ruwa waɗanda ba a jefa taru. A wasu ƙauyukan gaɓa, ƙungiyoyin kare muhalli irin su Eco-Benin sun haɗa kai da masu Zangbéto, dodannin da ke gadin gari da dare, don hana sare itatuwan bakin ruwa. Addinai sun bambanta, amma dabarar ɗaya ce: a bar wani wuri da wani lokaci domin kifi ya hayayyafa.

Rabon mai saye da mazaunin unguwa

Masunci yana kama ƙananan kifaye ne saboda akwai mai saye. Mai abincin sayarwa ko uwargidan da ta zaɓi karfasar da ta cika tafin hannu maimakon tulin ƴaƴanta tana rage ribar haramtaccen taru. Kifin kiwo ma mafita ne: cibiyar Songhaï da ke Porto-Novo, wadda aka kafa a 1985, tana koyar da kiwon tarwaɗa da karfasa, kuma ana iya kiwon tarwaɗa a kwarmin siminti ko babbar roba a cikin gida.

Ga mazauna Gbégamey da Zango, aiki mafi kusa yana ƙofar gida. Mahauci ya kiyaye zuba jini da tumbi a kwata, makanike ya tara baƙin mai a jarka, mai shago ya rage ba da leda, a kuma ajiye shara inda motar SGDS za ta ɗauka. Damina babba a Kwatano tana farawa ne a watan Afrilu, don haka Maris ne lokacin yashe magudanai, kafin ruwan farko ya kwashe abin da ke cikinsu zuwa tafki.